Asabar ɗaya gare ni a Marsey, ban taɓa ganin teku ba: Kasi zan je ko Nis?

Ɗan Karkada ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a, ina ininku. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zama kudancin Faransa ko suka ratsa ta can. Wurin aikinmu sun tura ni formasiyo, wato horo, na sati biyu a Marsey farkon watan Yuni, harkar ruwan pampo ce, yadda ake gano inda tiyo ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa da sauransu, to na duba takardar da suka aiko Litinin zuwa Juma'a duk muna aji, Lahadi kuma sun sa wata ziyara ta dole, Asabar ɗaya tak ta rage mini a tsakiya don ta biyun ranar nake juyowa gida.

Maganar gaskiya shekarata 41 ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kogin Isa a Yamai, sai tafkin Gidimuni da muke zuwa sayen kifi. Na san Marsey ɗin ma a bakin teku take amma ni ba tashar jiragen kaya nake son gani ba, ƙaramin gari nake so inda zan zauna in kalli ruwan nan har in ƙoshi. Wani abokin aikina ya ce in je Cassis, wani kuma ya ce ai wanda ya je har can bai taka Nis da Monako ba asarar kuɗin jirgi ya yi. Abin da zan iya kashewa a ranar bai wuce ero 60 ba, kusan jikka 40 kenan. Wanne ya fi? Sannan ban iya ruwa ba ko kaɗan, shiga jirgin ruwan nasu ba hatsari? Ya maganar salla da abinci? Kuma kar ku yi dariya, Inna ta ce lalle in ɗebo mata ruwan teku a gora, ban san ko ana bari a shigo da shi jirgi ba.

Baushi227 ya rubuta:

Hhhh wlh duniya da abin mamaki take, mu nan muna bin ƴan garuwa da bido tun asuba shi kuma mai ruwan zai tafi Turai kallon ruwa. Yaya Allah ya kiyaye hanya. Amma ya ka yi ka samu biza a wannan lokaci, ba tun farkon 2024 aka rufe ambasad ɗinsu na Yamai ba?

Ɗan Karkada ya rubuta:

Ƙanena bar tone-tone, sai da na tsallaka wata ƙasa maƙwabciya na yi kwanaki, ranar da muka haɗu a fada zan ba ka labari. Yanzu dai teku.

Tsohuwar Etidiyan ta rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya. Shekara biyar na yi karatu a can, Kasi kuwa na je ta fi sau goma saboda duk baƙon da ya zo daga gida can muke kai shi. Na ce Kasi don haka mutanen wurin ke faɗa, ba sa furta s ɗin ƙarshe, in ka ce kasis wani ɗan itace ne baƙi da ake jus da shi, amma a allon tasha da tike Cassis za ka gani.

Maganar Nis ka cire ta a ranka kawai. Daga Marsey zuwa Nis jirgin ƙasa sai ya ci fiye da awa biyu da rabi, Monako kuma ka ƙara wasu mintuna ashirin da wani abu, zuwa da dawowa ka tashi da kusan awa shida a zaune, kuɗinka kuma tike kaɗai zai cinye su. Wanda ya ba ka shawarar nan hoto yake so ka yi a gaban gidan caca, ba teku yake so ka gani ba. Kasi kuwa wajen kilomita 20 ce gabas da Marsey. Ka je babbar tasha ta San Sharl ka hau jirgin ƙasa na TER mai zuwa Tulon, kamar minti 25 ka sauka, tike bai kai ero 10 ba lokacin da nake can. Ka saya kafin ka hau, a inji ko a waya, masu duba tike ba su san ni baƙo ne ba.

Ga inda kowa ke faɗawa: tashar Kasi ba cikin gari take ba, tana can kan tudu wajen kilomita 3 daga bakin ruwa. Akwai ƴar bas da ke jigila tsakani amma ba kowane lokaci ba, kana sauka ka ɗauki hoton lokutanta musamman na yamma. Gangarawa da ƙafa ba laifi, tsakanin gonakin inabi kake bi, dawowar ce abin ji. Ni da wata ƙawata ƴar Maraɗi mun tsaya shan gilas, wato ayis kirim, bas ta wuce mu, muka hau tudun nan a guje da silifas, muna isa jirgin na fita, awa guda muka yi a benci ba mai yi wa wani magana. Akwai kuma bas daga dandalin Kastelan a Marsey da ke kai ka kusa da tsakiyar gari, ta kan dutse take bi hanyar duk kwana-kwana, kyan gani kam akwai amma in kai mai jiri ne ka hau jirgi.

Garin kansa ƙarami ne, mutanensa ba su fi dubu bakwai da wani abu ba, Mirya ta ninka shi. Tashar kwale-kwale, gidaje masu fenti kala-kala a jere, wani tsohon ginin sarauta a kan dutse wanda yanzu otel ne ba a shiga yawo, a awa ɗaya ka gama zagaya shi. Kasuwarsu Laraba da Juma'a da safe take ci, kai ba za ka same ta ba. Abin da ke kai mutane shi ne kalank. Ka ɗauka teku ta tsaga farin dutse ta shige ciki kamar lungu, bango dama bango hagu, ruwa a tsakiya garai-garai kana ganin ƙasansa. Uku ne kusa da Kasi, Por Miyu da Por Pan da An Vo, tun 2012 aka mai da yankin gandun da gwamnati ke karewa, ba a kunna wuta ba a shan taba. In ka juya gabas kuma za ka ga wani jan dutse ya miƙe daga cikin ruwa, Kaf Kanay, mita 394, yana cikin mafi tsawo a gaɓar tekun Faransa. Duwatsun unguwar Birni ta Damagaram da muke taƙama da su a gindinsa kamar tsakuwa.

Shawarata ka hau jirgin safe kafin ƙarfe tara, kana isa ka wuce kai tsaye rumfar sayar da tiken jirgin ruwa ka yanki na kalank uku, kamar awa guda ne zuwa da dawowa. Akwai na biyar da na takwas amma ga wanda bai taɓa hawa ruwa ba uku ya isa. Rashin iya ruwa ba matsala ba ne, jirgi ne babba da benci da shinge, tsofaffi da jarirai ke ciki, kuma in teku ta yi fushi su da kansu ba sa fita. Abu biyu ne za su iya ɓata maka rana. Na ɗaya mistiral, wata iska ce mai sanyi da ke gangarowa daga arewa, kamar hunturu amma ba ƙura, sama tas rana tas amma tana iya cire maka hula ta kai teku, in ta taso jirage kan tsaya. Na biyu daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba ana iya rufe hanyoyin ƙafa na cikin duwatsun saboda tsoron gobara, da yammacin jajibiri ake sanarwa, akwai aplikasiyo Mes Calanques ka sauke shi ka duba ranar Juma'a da dare, in ka ga ja to ba shiga.

In an buɗe kana son taka ƙafa, Por Miyu rabin awa ne daga gari, Por Pan ka ƙara wani rabin. An Vo kar ka gwada, gangaren nan ya sa ƙattai kuka. Kuma dan Allah baskit za ka sa, wato takalmin wasanni, dutsen ya sha tafin ƙafa har ya yi santsi kamar sabulu. Ruwan sha lita biyu, ba shago ba pampo a can ciki.

Mushe Mai Ritaya ya rubuta:

Ni kam ban yarda da wannan tahiya ba, ɗiyata ki yi haƙuri. Na je Kasi sau ɗaya lokacin da muka tahi wani taron malamai, ranar Asabar kuma cikin zahi, abin da na gani mutane ne ba teku ba. Wurin zama babu, a bakin ruwa sai ka tsallake ƙahwar wannan ka taka tawul ɗin wancan, kofi ɗan mitsitsi da bai kai kofin shayi na ukku ba a ce ero ukku, jikka biyu fa kenan, kuɗin cefanen wani gida. Gari ne na masu kuɗi da ƴan yawon buɗe ido, talaka kallo kawai ya kai shi.

Malam in teku kake so ai kana cikinta. Ka hau bas 83 ta bi da kai Kornish, hanyar da ke bin bakin ruwa, teku na hannunka har ka gaji. Ko ka je tsohuwar tashar jiragen ruwa ka hau na tsibiran Firiyul, ƙasa da rabin awa ka tsinci kanka a tsakiyar ruwa kana hangen birnin duka daga baya. In kuma dole sai ka hita gari, to ka zarce tasha ɗaya gaba da Kasi ka sauka La Siyota. Garin ma'aikata ne, da can jiragen ruwa ake ƙerawa, abinci ya hi araha, kuma kai da nake gani kuna jifar ƙwallon ƙarfe da yamma, ai a garin nan aka ƙirƙiro petank wajen 1907. Ka je ka ga tushen abin.

Tsohuwar Etidiyan ta rubuta:

Baba Mushe ban musa tsada ba, gaskiyarku ne, cunkoso ma akwai shi ya sa na ce ya yi sammako. Amma ita ma La Siyota tasharta nesa take da gari sai an hau bas, sannan Kornish da Firiyul yana iya zuwa kowace yamma bayan aji tunda a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Asabar ɗin nan guda a bar masa ita ya ga abin da babu a Marsey ciki. Kofi kuma ba farilla ba ne, ya tafi da nasa a fulas.

Hajiyar Zango ta rubuta:

Ɗana barka da arziki. Ɗiyata na aure can, bara waccan da na je wankan jego mijinta ya kwashe mu a mota ya kai mu garin nan, don haka bari in faɗa maka abin da yaran nan ba za su faɗa ba.

Na farko ka shirya idonka. Bakin ruwan nan mata da maza tsirara suke in ban da ɗan ƙyalle, tsohuwa sa'ata kwance a rana kamar an shanya kilishi, ni da na iso sai da na ce a mai da ni mota. Surukina ya ce Hajiya kalli ruwa kar ki kalli mutane, kuma wlh bayan ɗan lokaci na lura ba wanda ya damu da ni, da hijabina har ƙasa na zauna kan tsakuwa ba wanda ya ɗaga kai. Kai ma ka yi musu haka. Kar ka kuskura ka ɗaga waya kana bidiyo ta inda mutane ke kwance don ka turo wa abokai, rigima ce babba, ka juya wayarka wajen ruwa da dutse.

Na biyu jirgin ruwa. Cikin tasha lafiya lau kamar kana kan tabarma, amma yana fita fili ya fara ɗagawa yana saukewa, ni kuwa na cika cikina da shinkafa da miya kafin mu fito, sauran ba sai na faɗa ba, Allah ya sa akwai leda a jakata. Ka ci abu kaɗan, ka zauna waje inda iska take ba ciki ba, ka kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Lemun tsami ko citta a aljihu na taimako. Duk da haka da za a ce in sake zan sake, don lokacin da jirgin ya kutsa lungu na ukun nan ya rage gudu kowa ya yi tsit, duwatsu farare sun tashi sama ta ko'ina ga itatuwa sun fito daga jikin dutse ba ƙasa ba komai, sai na ji bakina na ta subhanallah ni kaɗai.

Abinci kuma ka yi guzuri daga Marsey. Akwai unguwar Nowai kusa da babbar tasha, duk Larabawa ne da baƙaƙen fata, mahauta na halal, burodi, gasasshiyar kaza, dabino, har yaji za ka samu. A Kasi kifi ne da kayan ruwa, su kam halal ne amma ka tambaya da me aka dafa, don waɗannan masu baƙin ɓawo da suke kawowa a tukunya yawanci da farar giya ake dafa su, garin ma da giyar inabi aka san shi. Salad ma sukan yanka naman alade ƙanana a ciki. Kuma gidan abincinsu ba kamar tuwo-tuwonmu ba ne da ko yaushe ka je akwai, daga sha biyu zuwa wajen biyu ne, in ka wuce sai dare. In ka zauna ka ce a ba ka karaf do, ruwan pampo ne kyauta, in ba haka ba su kawo na kwalba su sa a lissafi.

Ruwan Innarka ka ɗebo mata, ba abin dariya ba ne ni ma na ɗebo. Amma cikin babbar jaka wadda ake aunawa za ka sa, ka ɗaure bakin da leda da salatif, in ka riƙe a hannu a filin jirgi za su karɓe su jefa a shara kana kallo.

Almajirin Garin Malam ya rubuta:

Game da salla, tunda ka yi niyyar zaman fiye da kwana huɗu a Marsey to hukuncin mazauni gare ka a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma tafiyar Kasi ba ta kai nisan ƙasaru ba wanda yake wajen kilomita 80, saboda haka cikakkiya za ka yi. Lokuta ne za su ruɗe ka, a Yuni agogonsu na gaban namu da awa ɗaya, azahar sai wajen biyu saura take shiga, magariba bayan tara. Alƙibla ma ba kamar nan ba ce da muke fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, can kudu maso gabas ce, ka duba a waya kar ka bi sabo. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, ruwanta mai tsarkakewa ne mushenta halal ne. Ka tafi da ƴar darduma mai naɗewa.

Tsohuwar Etidiyan ta rubuta:

Allah ya saka Malam. Ni dai ban taɓa cin karo da masallaci a Kasi ba, mukan nemi gefe ne ƙarƙashin itatuwa a hanyar Por Miyu mu yi abinmu.

Yaya sai yanzu na tuna kai mutumin ruwa ne, to akwai abin da ya shafe ka a wurin nan fiye da kowa. A ƙarƙashin duwatsun Kasi akwai kogi na ɓoye, ruwan sama ne da ke nutsewa cikin dutse daga nesa ya bi ta kogo ya ɓullo a cikin teku, ɗaya a Por Miyu ɗaya a bakin ruwan Bestuwan da ke gefen gari. A shekarun 1970 har madatsa suka gina a cikin kogon ƙarƙashin ruwa don su raba shi da na teku su samu na sha, amma duk da haka da ɗan gishirinsa yake fitowa, dole suka haƙura. Ruwan da Marsey ke sha daga kogin Durans aka jawo shi ta magudana mai tsawon wajen kilomita 80, ya iso birnin a 1849 bayan fari da kwalara sun yi musu ɓarna, har wani ƙaton gini suka yi na murnar isowarsa, Pale Lonsham, yana nan cikin gari kana iya leƙawa da yamma. Malaminmu da ya ba mu labarin nan na ce masa mu ma garinmu Damagaram babban birnin ƙasa ne har 1926 kuma ƙarancin ruwa na cikin abin da ake cewa ya sa aka mai da shi Yamai, ya yi ta mamaki.

Ɗan Karkada ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Mushe a yi mini afuwa, maganar kogin ɓoyen nan ta gama da ni, Kasi za ni. Amma bas 83 na rubuta ta, ranar da na sauka zan hau. Hajiya na ji, ido a kan ruwa.

Ɗan Karkada ya sake rubutawa:

Salamu alaikum, na dawo gida lafiya tun shekaranjiya, na ce bai kamata in yi shiru ba bayan duk wahalar da kuka sha a kaina.

Na je. Juma'a da dare na duba aplikasiyon ba ja, da safe na sayi rabin kaza da burodi a Nowai na hau jirgi, na samu ƴar bas ɗin tana jira kamar an aiko ta. Gaskiya kafin ranar na riga na ga teku daga Kornish kamar yadda Baba Mushe ya ce, amma daga sama ne ina cikin bas, ban taɓa ta ba. A Kasi ne na sauko wani ɗan lungu tsakanin gidaje kawai sai ga ta a gabana ba iyaka, na tsaya riƙe da ledar kaza kamar wani sakarai. Abin da ya fara zo mini a rai wlh lissafi ne, na ce wannan shaton ajiye ruwa nawa zai cika, sai na tuna ko kofi ɗaya ba ya shayuwa.

Jirgin ruwa na bi maganar Hajiya na zauna waje, cikina ya ɗan juya da muka fita fili amma ban yi abin kunya ba, wani Bature ne a gefena ya yi. Lungu na ukun nan kuwa Hajiya ba ki faɗi rabi ba. Ruwan daga shuɗi mai duhu kamar baba na marina sai ya koma kore-kore mai haske, kana ganin inuwar jirgin kwance a ƙasa kan farin yashi da kifaye suna ratsa ta, can sama jikin bangon kuma wasu mutane ne maƙale da igiya ƙanana kamar ƙadangaru. Na ɗauki hoto ya fi hamsin ba wanda ya fito da kalar daidai.

Inda na yi wauta, ƴar uwa kin ce baskit, na sa baskit ɗin amma na tafi da takalmina na fata ɗinkin gida a jaka wai in yi hoto da shi da babbar riga a bakin teku. Bayan hoton na ji ƙyuya ban canza ba na kama hanyar Por Pan a haka, ban yi nisa da Por Miyu ba ƙafa ta kwashe na zauna daɓas a kan dutse, wata tsohuwa da sandunan tafiya biyu ta zo ta miƙo mini hannu tana tambaya ko lafiya. Tsohuwa fa, ta girmi Inna. Nan na juyo, Por Pan daga jirgi kawai na gan ta. Na yi azahar ƙarƙashin itatuwan da kika ce, ba wanda ya ce mini kanzil, wani kare ne dai ya zo ya shinshina kazar.

La'asar a Bestuwan ta same ni. Ba yashi ba ne, tsakuwa ce mulmulalliya mai zafi, na naɗe wando na shiga har gwiwa, sanyin ruwan ya harba mini har ƙwaƙwalwa kamar na randa a watan Janairu, wani dattijo da ke kusa ya ce wurin nan kullum ya fi sauran sanyi saboda ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse. Na ce masa na san labari, aikina kenan, muka tsaya ya fi rabin awa ni a cikin ruwa shi a kan tawul ina ba shi labarin foraj da ƴan garuwa. Na yi alwala a wurin, Malam kurkurar baki da ruwan nan jarrabawa ce. Kofi ban saya ba Baba Mushe, amma gilas ya ci mini ero biyar kuma ban yi nadama ba. Duka-duka ero 50 da ƴan canji na kashe, bas ta yamma ma ban rasa ta ba don tun saura minti ashirin nake tsaye a wurin.

Gorar Inna ta iso lafiya cikin safa biyu da leda uku. Ta sa aka kira maƙwabta, ta zuba a murfi ta ɗanɗana ta tofar, ta ce yanzu duk kuɗin jirgin nan ruwan kanwa ka je ka gani, na Manga ma ya fi shi daɗi. Amma ta hana kowa taɓa sauran.

Hajiyar Zango ta rubuta:

Barka da dawowa ɗana, ka gaishe ta. Nawa ma yana nan shekara biyu bai canza ba. Tsarabata fa?

Baushi227 ya rubuta:

Yaya sannu da hanya, hoton babbar riga ya yi wlh ba a ga inda ka faɗi ba. To yanzu da aka koyo gano yoyo sai a fara da layinmu, kwana uku kenan pampo ko tari bai yi ba. In da ragowar na gorar ma a taimaka.

Ɗan Karkada ya rubuta:

Hajiya taki sabulun Marsey ne, yaro zai kawo gobe in sha Allah. Baushi gorar na cikin adakar Inna ta sa kwaɗo, makullin na ɗaure a bakin zanenta, in kana da ƙarfin hali je ka tambaye ta.